Yadda ake riƙe sigogin kayan fuskar manhaja a ayyukan Visual Studio

Duk manhajar da ake haɗawa domin kwamfutar Windows, ko da WinForms ko da WPF, tana dogara ne da ƙananan kayan da mai amfani yake gani kuma yake taɓawa, irin su maɓallai, akwatunan rubutu, jadawalin da ake jera bayanai a ciki, kalandar zaɓen kwanan wata da tagar duba rahoto kafin a buga shi. Wasu daga cikinsu suna zuwa tare da .NET ita kanta, amma da zarar aiki ya fara girma, yawancin masu haɗa manhaja sukan sayi na kamfanoni kamar DevExpress, Telerik ko Syncfusion, ko kuma su ɗauki na kyauta irin su MahApps.Metro da MaterialDesignThemes. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana da lambar siga, kuma matsalar tana tasowa ne saboda lambar takan watsu a fayiloli da yawa, wani lokaci ma tana zaune a kan kwamfutar mutum ɗaya kawai ba tare da an rubuta ta a ko'ina ba. Sai ka ga aiki yana ginuwa lafiya ƙalau a wurin wanda ya fara shi, amma abokin aikinsa ya sauko da shi daga ma'ajiyar Git ya kasa buɗe ko da taga ɗaya. Abin da wannan jagora yake son a cimma shi ne a mayar da lambar sigar kowane kaya wuri guda, a rubuce, a cikin ma'ajiyar aikin, ta yadda canza ta zai zama aikin da ake yi da gangan kuma ake iya warwarewa.

Wuraren da lambar siga take ɓuya

Kafin a gyara komai, ya kamata a san inda lambar take. Wuri na farko shi ne fayil ɗin aikin, wato wanda sunansa ke ƙarewa da .csproj ko .vbproj. A tsofaffin ayyukan .NET Framework, za a ga layukan Reference ɗauke da sunan laburaren da cikakkiyar lambarsa mai kashi huɗu, wani lokaci da HintPath mai nuna inda fayil ɗin DLL yake. Idan HintPath yana nuna wani wuri a cikin Program Files, ko kuma babu shi gaba ɗaya, to aikin ya rataya ne a kan abin da aka girka a waccan kwamfutar. Masu girka kayan kamfanoni sukan saka laburarensu a GAC, wato rumbun da .NET Framework ke ajiye laburaren da manhajoji da yawa suke tarayya a kansu, kuma wannan ne ya sa manhaja take tashi a kwamfutar mai haɗa ta alhali fayil ɗin da take buƙata ba ya cikin abin da aka aika wa abokin ciniki.

Wuri na biyu shi ne licenses.licx, ƙaramin fayil da Visual Studio yake ƙirƙira a ƙarƙashin Properties ko My Project duk lokacin da aka ɗora kaya mai lasisi a kan taga. Kowane layi a cikinsa yana ɗauke da sunan kayan, sunan laburarensa da lambar siga. Lokacin gini, wata ƙaramar manhaja mai suna lc.exe tana karanta layukan ɗaya bayan ɗaya, tana ƙoƙarin loda kowane kaya. Idan layi ɗaya ya rage yana ambaton sigar da aka riga aka cire, gini zai tsaya da saƙon cewa lc.exe ta fita da lambar -1, saƙon da ba ya faɗin komai game da ainihin dalili. Wuri na uku kuwa, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne fayilolin .resx da ke bayan kowace taga. Mai zana taga, wato sashen Visual Studio da ake jera kaya a kan taga da shi (designer), yakan adana wasu ƙimomi a ciki tare da cikakken sunan nau'insu, har da Version= da lambarta, don haka ana iya sabunta komai a sauran wurare amma taga ɗaya ta faɗi a lokacin da mai amfani ya buɗe ta, domin tana neman tsohon laburare. Sai kuma app.config, inda layukan bindingRedirect suke, wato masu gaya wa .NET ta loda wata sigar laburare a madadin wadda aka nema, da Toolbox na Visual Studio, wanda shi ba ya cikin ma'ajiya ko kaɗan. Idan Toolbox ɗin wani yana ɗauke da kayan tsohuwar siga, ya ja jadawali ya ɗora a kan taga, Visual Studio zai ƙara wa aikin Reference na waccan tsohuwar sigar ba tare da tambaya ba, sai aiki ɗaya ya wayi gari da sigogi biyu na kaya ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta ganin halin da ake ciki ita ce a binciki dukkan jakar aikin da kalmar Version= haɗe da sunan kamfanin, ta amfani da git grep ko Find in Files, a tabbatar binciken ya shafi fayilolin .csproj, .licx, .resx, .config da .xaml. A rubuta duk lambobin da aka samu. Idan sun wuce ɗaya ga kamfani ɗaya, aikin farko shi ne a daidaita su kafin a yi tunanin sabuntawa zuwa wata sabuwa.

Karanta lambar yadda mai ita yake nufi

Yawancin laburaren kyauta suna bin tsarin SemVer, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, kuma sigarsa ta 2.0.0 ta fito a 2013. A wannan tsari lambar tana da kashi uku. Idan na farko ya ƙaru, an yi canjin da zai iya karya aikin da ya dogara da laburaren. Idan na biyu ya ƙaru, an ƙara sabon abu ba tare da taɓa tsoho ba. Na uku kuwa gyaran kurakurai ne kawai. Misalin da ya nuna muhimmancin kashi na farko shi ne tafiyar MaterialDesignThemes daga 4.9.0 zuwa 5.0.0, inda fayil ɗin salo da ake kira MaterialDesignTheme.Defaults.xaml ya koma gida biyu, MaterialDesign2.Defaults.xaml da MaterialDesign3.Defaults.xaml. Tun da App.xaml yana kiran wannan fayil ne da adireshi a rubuce, kuma ba a duba adireshin sai manhaja ta tashi, gini yana iya kammaluwa ba tare da kuskure ko ɗaya ba, sannan manhajar ta mutu tun kafin tagar farko ta bayyana.

Kamfanonin da ke sayar da kaya ba su cika bin wannan tsari ba, kuma kuskure ne a karanta lambarsu da idon SemVer. A wurin DevExpress, 23.2 na nufin fitowa ta biyu ta shekarar 2023, domin suna fitar da manyan sigogi biyu a shekara, don haka tafiya daga 23.1 zuwa 23.2 babban canji ne ko da yake kashi na biyu kaɗai ya motsa. Har ma sunan fayil ɗin yana canzawa, DevExpress.XtraGrid.v23.1.dll ya zama DevExpress.XtraGrid.v23.2.dll, wanda ke nufin a wurin .NET laburare biyu ne daban, kuma babu bindingRedirect ɗin da zai iya haɗa su. Telerik shi ma da shekara yake fara lambarsa, sai lambar fitowa, sai wata da rana. Ka'idar da ta shafe su duka ita ce, kayan kamfani ɗaya suna tafiya tare. Jadawali, akwatunan rubutu da laburaren tushe da suke tarayya a kai dole su zama siga ɗaya har zuwa lambar ƙarshe.

Ƙaura daga abin da aka girka zuwa NuGet

Matakin da ya fi kowane tasiri shi ne a daina ɗaukar laburare daga GAC ko Program Files, a koma karɓarsu a matsayin ƙunshin NuGet, wato tsarin da .NET ke rarraba laburare da shi. Dukkan manyan kamfanonin da aka ambata suna ba da kayansu ta wannan hanya, wasu a nuget.org, wasu a rumbunsu na kansu da ake shiga da asusu. A cire tsofaffin layukan Reference, a girka ƙunshin da ya dace da sigar da aikin yake kai a yanzu, ba sabuwa ba, sannan a gina a tabbatar komai yana nan yadda yake. Haɗa ƙaura da sabuntawa a lokaci ɗaya yana sa a rasa gane wanne ne daga cikin biyun ya jawo matsala idan ta taso.

NuGet yana da hanyoyi biyu na rubuta abin da aiki ya dogara da shi. Tsohuwar ita ce packages.config, wadda take jera kowane ƙunshi, har da waɗanda wasu ƙunshin suka jawo, sannan ta bar HintPath a cikin .csproj mai ɗauke da lambar siga a sunan jaka, wato lambar ta sake zama a wuri biyu. Sabuwar, PackageReference, ta zo da Visual Studio 2017, kuma layi ɗaya ne ga kowane ƙunshi. Daga siga ta 15.7 akwai umarnin ƙaura da ake samu idan aka danna packages.config da maɓallin dama, sai dai ba ya aiki ga tsofaffin ayyukan ASP.NET. Duk abin da zai biyo baya a wannan jagora yana buƙatar PackageReference.

Akwai wata ɗabi'ar NuGet da ya kamata a fahimta tun yanzu. Idan aka rubuta Version="4.9.0", ma'anarsa a wurin NuGet ita ce 4.9.0 ko sama da haka, kuma zai ɗauki mafi ƙanƙantar sigar da ta cika sharaɗin. A yawancin lokuta 4.9.0 ɗin zai samu. Amma idan rumbun da ake nema ba shi da ita, zai ɗauki ta gaba da ita ya bar gargaɗin NU1603, wanda mutane kan wuce ba su karanta ba. Wanda yake son siga ɗaya tak sai ya rubuta lambar a cikin baka mai kusurwa, kamar [4.9.0]. Lambar da take da tauraro kuwa, irin 4.*, tana ba NuGet izinin ɗauko sabuwa duk lokacin da ta fito, kuma a ganina ba ta da gurbi a kayan fuska, domin ƙaramin gyara a salon maɓalli ko faɗin layin jadawali yana iya sauya kamannin taga hamsin ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Lamba ɗaya ga dukkan ayyuka

Manhajar gaske ba ta cika zama aiki ɗaya ba. Akan samu babban aiki, da wani na rahotanni, da wani na kayan da aka ƙera a cikin gida, kowanne da nasa layukan PackageReference. Idan ɗaya ya ce 23.2.3 wani ya ce 23.2.5, gini zai fitar da gargaɗin MSB3277 game da saɓanin sigogi, ko NuGet ya tsayar da aiki da NU1605 idan ya ga ana neman saukar da ƙunshi ƙasa da abin da wani ya buƙata. Maganin da NuGet 6.2 ya kawo a 2022, tare da Visual Studio 2022 siga ta 17.2, shi ne a ajiye dukkan lambobi a fayil guda mai suna Directory.Packages.props a saman jakar ma'ajiya. Ga yadda yake kasancewa:

```xml
<Project>
  <PropertyGroup>
    <ManagePackageVersionsCentrally>true</ManagePackageVersionsCentrally>
    <SigarDevExpress>23.2.3</SigarDevExpress>
  </PropertyGroup>
  <ItemGroup>
    <PackageVersion Include="DevExpress.Win.Grid" Version="$(SigarDevExpress)" />
    <PackageVersion Include="DevExpress.Win.Charts" Version="$(SigarDevExpress)" />
  </ItemGroup>
</Project>
```

Bayan haka sai a bi kowane .csproj a cire Version daga layukan PackageReference, a bar sunan ƙunshin kawai. Wanda ya manta ya bar lamba a wani aiki zai gamu da kuskuren NU1008, kuma wannan tsanani shi ne amfanin tsarin, domin ba wanda zai iya shigo da wata siga ta bayan fage. Dabarar sanya lambar kamfani a suna ɗaya, kamar SigarDevExpress a misalin nan, tana sa ƙunshi goma sha biyar su motsa da canjin layi ɗaya. Abin lura kawai shi ne, wanda ya zaɓi wannan dabara sai ya riƙa canza lambar da hannu a cikin fayil ɗin, kada ya dogara da tagar sarrafa ƙunshi ta Visual Studio. Akwai kuma VersionOverride, wanda ke ba aiki ɗaya damar saɓa wa lambar gama-gari. Yana da amfani ga wasu laburaren, amma ga kayan fuska da za su haɗu a manhaja ɗaya, amfani da shi komawa ne ga matsalar da aka gudo.

Directory.Packages.props yana riƙe abin da aka nema kai tsaye ne kawai. Ƙunshi yakan jawo wasu a bayansa, kamar yadda MahApps.Metro yake jawo ControlzEx, MaterialDesignThemes kuma yake jawo MaterialDesignColors. Domin a ga su duka, a yi amfani da umarnin dotnet list package --include-transitive. Domin a ɗaure su kuwa, a saka RestorePackagesWithLockFile da ƙimar true a Directory.Build.props, sai NuGet ya samar da packages.lock.json ga kowane aiki, mai ɗauke da ainihin sigar kowane ƙunshi da tambarin abin da ke cikinsa. Wannan damar tana nan tun NuGet 4.9. A saka waɗannan fayiloli a Git kamar sauran, sannan a kwamfutar da ke gina abin da za a aika wa abokan ciniki a riƙa amfani da dotnet restore --locked-mode. Idan wani abu ya saɓa da abin da ke rubuce, aikin zai tsaya da NU1004 maimakon ya ci gaba da wata siga a ɓoye. A ƙara da global.json domin a tsayar da sigar SDK ɗin .NET da kowa zai yi gini da ita.

Inda ake ɗebo ƙunshin

A ajiye nuget.config a cikin ma'ajiya, a fara sashen packageSources da layin clear domin a share duk rumbunan da kowane mutum ya saita a kwamfutarsa, sannan a jera waɗanda aikin ya yarda da su. Idan rumbu ya wuce ɗaya, packageSourceMapping, wanda ya zo da NuGet 6.0, yana ba da damar a ce duk ƙunshin da sunansa ya fara da Telerik daga rumbun Telerik kaɗai za a ɗauko shi. Kalmar sirri ko makullin shiga rumbun kamfani ba ya shiga Git, nuget.config yana karɓar sunan ƙimar muhalli (environment variable) a tsakanin alamun % guda biyu, kowa ya saita tasa a kwamfutarsa.

Yana da kyau a riƙe kwafin fayilolin .nupkg na duk sigar da aka taɓa fitar da manhaja da ita. A nuget.org mai ƙunshi ba ya iya goge abin da ya wallafa, sai dai ya ɓoye shi daga bincike, amma rumbun kamfani yana tafiya ne da rajistar da aka biya, kuma ranar da ta ƙare ana iya rasa hanyar shiga. NuGet yana karɓar jaka ta gari, ko a kwamfuta ko a sabar ofis, a matsayin rumbu, ba sai an girka komai ba. Ga ofishin da intanet ke yankewa ko kuɗin data ke da nauyi, wannan yana da ƙarin fa'ida, domin kayan manyan kamfanoni sukan kai ɗaruruwan megabait, kuma mutum ɗaya ya sauko da su sau ɗaya ya wadatar da kowa.

Ranar sabuntawa

Sabunta kayan fuska aiki ne mai zaman kansa, kuma a yi shi a reshen Git na daban wanda ba a cakuɗa shi da wani gyara ba. A fara da karanta jerin canje-canje masu karya aiki da kamfanin ya wallafa, kuma idan za a tsallake sigogi uku, a karanta na ukun duka. A duba kuma ko sabuwar sigar tana goyon bayan .NET ɗin da aikin yake kai, domin kamfanoni suna janye tsofaffin sigogin .NET Framework a hankali, kuma aikin da ya tsaya a ƙasa da 4.6.2 yana iya tarar da ƙofa a rufe. Haka nan batun lasisi, wanda ya sauya a 'yan shekarun nan. Syncfusion yana buƙatar a yi rajistar makulli a cikin manhaja tun 2018, Telerik kuma ya koma amfani da fayil ɗin makullin lasisi a 2025, don haka kwamfutar gini ma tana buƙatar nata.

Daga nan a rufe dukkan tagogin zane da ke buɗe, a rufe Visual Studio, a canza lambar a Directory.Packages.props, a goge jakunkunan bin da obj, a sake ɗebo ƙunshi domin fayilolin kulle su sabunta, sannan a gina daga layin umarni. Rufe Visual Studio ba ƙa'idar banza ba ce. A ayyukan .NET Framework mai zana tagar WinForms yana loda laburaren kayan a cikin Visual Studio kansa, kuma laburaren da aka loda ba ya sauka sai an rufe shirin, shi ya sa ake ganin saƙon da ke cewa ba za a iya mayar da wani nau'i zuwa nau'in da sunansu ɗaya ba. A ayyukan .NET 6 da .NET 8 mai zanen yana gudana a wani shiri daban mai suna DesignToolsServer, amma shi ma yakan riƙe tsoho. Wanda yake da kayan ActiveX ko wasu da aka gina don 32-bit kaɗai ya tuna cewa Visual Studio 2022, wanda ya fito a Nuwamban 2021, 64-bit ne, kuma wannan kaɗai yana iya hana taga buɗuwa a wurin zane ko da lambobin siga duk sun daidaita.

Idan gini ya wuce, a maimaita binciken da aka yi da farko, a nemi tsohuwar lambar a ko'ina. DevExpress yana da Project Converter, Telerik yana da Upgrade Wizard, kuma na DevExpress yana gyara har .licx da .resx, amma a duba abin da suka canza da git diff kafin a amince. Sannan a buɗe tagogi a wurin zane ɗaya bayan ɗaya. A nan akwai abin da ke bukatar natsuwa: da zarar an taɓa wani abu a taga aka adana, mai zanen yana sake rubuta InitializeComponent, wato lambar shirin da ke tsara kayan tagar, gaba ɗaya da fahimtar sabuwar siga, yana iya ƙara layuka, ya cire wasu, ya sauya girma da tazara, musamman idan allon mai aikin yana kan ma'aunin girma na 150% alhali an zana tagar a 100%. Irin wannan canji a ajiye shi a nasa commit ɗin Git daban, domin idan an ga maɓalli ya gusa bayan wata biyu a san inda za a duba.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na ido, a kwamfutar da ba a taɓa girka kayan kamfanin a kanta ba, ko da ta kwaikwayo ce. A nan ne ake gane laburaren da aka manta ba a haɗa ba. Idan aka ga saƙon "Could not load file or assembly" tare da lambar 0x80131040, to an samu fayil ɗin amma sigarsa ba ita ake nema ba, kuma fuslogvw.exe zai nuna wanda ya nema da inda aka duba. A .NET Framework gyaran yakan zama bindingRedirect, wanda AutoGenerateBindingRedirects ke samarwa da kansa tun 4.5.1, a sabuwar .NET kuwa babu GAC babu bindingRedirect, fayil ɗin .deps.json ne ke faɗin abin da za a loda. Bayan manhaja ta tashi, a gwada buga rahoto, fitar da jadawali zuwa PDF da Excel, tsarin kwanan wata, da bayyanar alamar ₦ da haruffa masu ƙugiya kamar ɗ, ƙ da ɓ, domin canjin injin rubutu ko font a sabuwar siga yakan fara bayyana ne a irin waɗannan haruffa. A gwada kuma tsarin jadawali da masu amfani suka adana da tsohuwar siga, wato jerin ginshiƙai da faɗinsu da matatarsu, a ga ko sabuwar tana karanta shi. Wanda ya shafe watanni yana aiki da jadawalin da ya tsara wa kansa ba zai ji daɗin ganin ya koma yadda ya zo ba.

Kayan da aka ƙera a cikin gida

Ƙungiyoyi da yawa suna da nasu laburaren kaya, misali akwatin shigar da kuɗi ko tagar neman abokin ciniki, da manhajoji biyu ko uku suke amfani da shi. Idan duk suna ma'ajiya ɗaya, ProjectReference ya isa, babu buƙatar lambar siga. Idan kuwa suna ma'ajiyoyi daban, a mayar da laburaren ƙunshin NuGet da dotnet pack, a bi SemVer da gaskiya. Shawarar Microsoft ga masu laburare ita ce AssemblyVersion ya ɗauki babbar lamba kaɗai, kamar 2.0.0.0 ga dukkan jerin 2, cikakkiyar lambar kuma ta zauna a FileVersion da sigar ƙunshi, domin a rage buƙatar bindingRedirect. Kada a taɓa sake wallafa lamba ɗaya da abin ciki daban. NuGet yana ajiye kwafi a jakar .nuget\packages ta kowane mai amfani, kuma idan ya ga lambar tana nan ba zai sake ɗaukowa ba, sai rabin ma'aikata su kasance da tsoho rabi da sabo, lamba kuwa iri ɗaya. Ga gwaji a yi amfani da ƙari irin 2.1.0-beta.1, a ƙara lambar ƙarshe kowane karo.

Abin da ake ɗauka a matsayin canji mai karya aiki ya fi faɗi a kayan fuska fiye da sauran laburare. Cire wata siffa (property) ta kaya ko canza sunanta yana karya duk tagar da mai zane ya rubuta ta a InitializeComponent, don haka a fara yi mata alamar Obsolete na tsawon siga ɗaya kafin a cire. Wanda ya fi ɓuya shi ne canza ƙimar asali. Mai zanen WinForms ba ya rubuta siffar da ƙimarta ta yi daidai da abin da DefaultValue ya faɗa. Idan akwatin kuɗi yana nuna lambobi biyu bayan ɗigo a matsayin asali, aka mayar da asalin sifili a sabuwar siga, duk tagogin da suka dogara da biyun za su daina nuna kobo, gini ba zai yi ƙorafi ba, git diff na manhajar kuma ba zai nuna komai ba sai layin lambar siga. Irin wannan canji babbar lamba yake buƙata, da bayani a rubuce.

Tsofaffin fitowa da ke hannun abokan ciniki

Duk lokacin da aka fitar da manhaja, a saka wa wurin alamar git tag. Tun da lambobin siga, fayilolin kulle, nuget.config da global.json duk suna cikin ma'ajiya, komawa kan alamar ya isa a sake gina abin da abokin ciniki yake riƙe da shi, ko da babban reshe ya yi gaba da sigogi uku. Gyaran gaggawa ga tsohuwar fitowa a yi shi a reshen da ya tashi daga alamar, da tsofaffin kayan, kada a sabunta su a can sai idan gyaran yana cikin kayan ne. Mai girka manhajar shi ma a duba shi, ya riƙa cire tsofaffin fayilolin DLL lokacin sabuntawa, musamman na kamfanin da ke saka lambar siga a sunan fayil, domin sabo ba ya hawa kan tsoho, gefensa yake zama, kuma wani ƙaramin ƙarin manhaja (plugin) da aka manta ba a sake ginawa ba zai ci gaba da loda tsohon har ranar da ya miƙa wa babbar manhaja jadawalin da ba ta gane nau'insa ba. Sau biyu a shekara a gudanar da dotnet list package --outdated da kuma --vulnerable a kan babban reshe da rassan da ake tallafawa, a yanke shawarar wace siga za a hau da wadda za a tsallake, a rubuta ranar da za a buɗe reshen sabuntawa na gaba.